Bayan 'Yan Dubiya Sun Watse

 

Yau maganar kuɗi za mu yi, kuɗin jinya, kuma jinyar ciwo guda: shanyewar ɓarin jiki, wanda wasu ke kira bugun jini. Da wuya ka zaga unguwa a Dutse, ko Garu ce ko Takur ko Fagoji ko Gida Dubu, ba ka ga dattijo a zaure da hannu ɗaya a naɗe a ƙirji ba, ko ka ji an ce Hajiya wance wata shida ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Haka abin yake a Kudai da Sakwaya, haka yake a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Mun saba ganin mai ciwon. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne tukunyar gidansa, da wanda yake ɗora ta yanzu, da abin da aka rasa kafin a ɗora ta.

Ciwon ba ya sallama. Magidanci ya tashi lafiya ƙalau, ya ɗauki buta zai yi alwalar asuba, sai butar ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira uwargida, maganar ta fito a hargitse, gefen bakin ya karkace. Jiya shi ne ya kawo cefane, shi ya biya kuɗin Islamiyyar yara, shi ya aika wa mahaifiyarsa gero a ƙauye. Yau sai an ɗaga shi.

Kuma kada mu ɗauka ciwon tsofaffi ne kawai. Akwai wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda likitocin Najeriya da Ghana suka gudanar, Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan na cikin jagororinsa, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya kuma na cikin wuraren da aka yi aikin. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda ciwon ya kama 59 ne, kuma kusan mutum 1 cikin 4 bai kai shekara 50 ba. Ka ga ke nan, mai shekara 45 ko 50 a ƙasarmu shi ne ginshiƙin gida. 'Ya'yansa ba su gama makaranta ba, wasu ma ana goyonsu. Binciken ya kuma tabbatar da abin da likitocinmu suka daɗe suna faɗa, cewa hawan jini shi ne uban tafiya a wannan ciwo.

Kuɗi suna fara zuba tun daren farko, kuma tun daren ake yin kuskuren da ya fi tsada. Ciwon iri biyu ne: ko dai jini ya daskare ya toshe jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Da ido ba a rabe su, sai an ɗauki hoton kai. Maganin wannan kuwa yana iya zama ajalin mai wancan, shi ya sa bai kamata a jefa wa mutum asfirin ko wata ƙwaya a gida ba. Kada ma a ɗura masa ruwa ko kunu, domin sau da yawa maƙogwaro ya daina haɗiya daidai, abin zai bi ta huhu. A asibitocin da ke da allurar narkar da daskararren jini, a cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Ko babu wannan allura, isa asibiti da wuri yana rage ɓarna ƙwarai. Amma me muke yi? Mu ce a bari gari ya waye, mu ce shafar aljanu ce, mu ce jifa ne daga abokin gaba a kasuwa. Kuɗin motar da aka ji nauyin biya da daddare zuwa asibitin Rashid Shekoni, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, su ne ake ninkawa sau ɗari a watannin da ke biye. Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi ta a cikin mota, ana tafiya.

To, an kai asibiti, an ba da gado. A nan ne halinmu na kirki yake bayyana, kuma ina alfahari da shi. Kafin azahar labari ya kai ko'ina. Ga 'yan'uwa daga ƙauye, ga abokan kasuwa, ga jama'ar masallaci, ga surukai. Kwanuka sun jeru a bakin gado, fulas-fulas na kunu da farfesu, ledojin lemo da ayaba. Kowa ya zo: "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ce." Idan zai tafi ya cusa wani abu ƙarƙashin matashi, ya ce, "Ga wannan ba yawa, a sayi magani." Wanda bai taɓa kwana da majinyaci a asibiti ba bai san daɗin wannan ba.

Sai dai taimakon namu yana sauka ne kamar mamakon ruwan Agusta a kan yashi: ya zubo gaba ɗaya a yini biyu, ƙasa ta shanye, bayan sati ka duba ka ga wurin a bushe. Mun iya jinyar zazzaɓi da haihuwa da karaya, ciwon da ke da ranar warkewa. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ranar da aka sallami mutum daga asibiti ita ce ranar da jinyar gaske take farawa. A sati na uku 'yan dubiya sun ragu. A wata na biyu an koma gaisuwa ta waya. A wata na shida idan aka haɗu da ɗansa a hanya sai a ce, "Af, ya jikin Baba kuwa?" Shi kuma ya ce da sauƙi, domin haka aka koya mana mu amsa, alhali sati biyu ke nan ba a sayi maganin hawan jini ba.

Ku lissafa abin da watannin nan suke ci. Ƙwayar hawan jini kullum, har ƙarshen rai, wani ma da ta ciwon suga. Zuwa gashi a asibiti, wanda ke nufin shatar mota ko Keke Napep, tun da ba a ɗora mai mataccen ɓari a bayan babur, kuma sai da ɗan rakiya. Kunzugun manya, robar fitsari, sabulu, omo, katifar da za ta hana gyambon kwanciya, keken guragu, sanda. Ga abinci mai laushi da za a dafa masa daban. Duk wannan ƙari ne a kan cefanen da da ma ake yi da ƙyar, a daidai lokacin da mai kawo cefanen ya daina fita. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota da kuɗin magani ba su sake komawa inda suke ba.

Idan kuɗin ƙarƙashin matashi suka ƙare, sai a juya ga abin da ke cikin gida. A nan nake so mu daɗe, domin a nan gidaje suke karyewa.

Je kasuwar Shuwarin ranar Litinin, ka tsaya a kara. Dillalai sun san mai sayarwa don riba, sun san wanda jinya ta koro. Yana shigowa da shanun huɗa biyu, ido ja don rashin barci, waya tana ta ƙara a aljihu daga asibiti, an gama karanta shi. Ba zai ja ciniki ba, ba zai koma da su gida ba. Ya sallama a farashin da bai kai ba, ya ƙirga kuɗi ya hau mota. An biya asibiti, alhamdu lillahi. Amma damina na zuwa, kuma waɗannan shanun su ne suke huɗe gonar gidan, su ne ake yi wa maƙwabta ƙodago da su a sami na taki, su ne ke jan amalanke da kaka. An sayar da abincin baɗi don a biya bashin bana. Haka ake sayar da babur ɗin da saurayin gidan yake acaɓa da shi, wanda shi kaɗai ne ke shigo da kuɗi kullum. Haka ake sayar da injin markaɗen uwargida, da keken ɗinki, da injin ban-ruwa. Daga ƙarshe a jinginar da gona, kuma kowa ya san gonar da ta shiga jingina a hannun mai ƙarfi ba kasafai take dawowa ba.

Ban ce kada a sayar da komai ba. Rai ya fi dukiya, kuma akwai daren da ba a da zaɓi. Abin da nake roƙo shi ne a bi tsari. A fara da abin da yake ajiye ba ya kawo komai: fulotin da aka saya aka bari, ragon da ake kiwo don salla, riɗin da aka ɓoye ana jiran farashi, babbar waya, kayan ado. Abin da ke haifar da kuɗi kullum ko kowace shekara, shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Gona, maimakon jingina, a ba wani amintacce ya noma a raba, ko a ba da ita haya ta shekara ɗaya a gaban shaidu da mai unguwa. Shanun huɗa, a sami ɗan'uwa ya riƙa aiki da su yana kawo wa gidan kasonsu. Idan kuma dole sai an sayar, to kada wanda hankalinsa yake a tashe ya kai kasuwa. A tura Kawu ko Baffa, mutumin da zai iya cewa albarka ya juyo da dabbarsa ya jira kasuwa ta gaba. Ɗan'uwa mai hali da zai ba da rancen kwana goma don a kauce wa sayarwar gaggawa, wallahi ya fi wanda ya kawo kwandon lemo taimako.

Akwai wata asara da ba a cika maganarta ba. Idan ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa, kuma sau da yawa magana tana tafiya tare da shi. Mutum yana kallonka, ya gane ka, hawaye na zuba, amma kalma ta ƙi fita. To ɗan kasuwarmu littafinsa a kansa yake. Shi kaɗai ya san wanda ya karɓi buhu goma na gero bashi, shi ya san adashin da yake zubawa da ranar kwasarsa, shi ya san wanda ya ba ajiya. Ma'aikaci kuma albashinsa na shiga banki, katin yana cikin aljihunsa, lambar sirrin tana cikin bakin da ya rufe. Sai ka ga iyali suna bara a dangi alhali kuɗinsu na kwance a asusu. Masu binsa bashi za su zo da wuri, ba sa mantuwa. Waɗanda yake bi kuwa, sai mai tsoron Allah ne zai kawo kansa. Duk wanda yake jina yanzu, yana riƙe da kuɗin wani bawan Allah da ke kwance ba ya magana, ya ji tsoron ranar da za a tambaye shi, ya kai wa iyalinsa haƙƙinsu a makon nan. Mu kuma masu lafiya, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafi ɗan ƙarami ya isa, a rubuta abin da ake binka da abin da kake bi, mutum ɗaya amintacce a gidanka ya san inda yake.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai amfani, kuma ba ya bukatar gwamnati. Tun kafin a bar asibiti, tun jama'a suna da ɗumi, babban gida ya tara 'yan'uwa. Kada a tsaya a kan "kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa", domin wannan maganar sau ɗaya take aiki. A tambayi likita da mai gashi abin da wata ɗaya zai ci, a haɗa da abincin gida, a faɗi jimillar a fili kowa ya ji. Sannan kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka duk wata har shekara. A ce mutum goma ne, kowa ya ɗauki naira 5,000, an sami 50,000 da za a iya dogara da ita. Wannan ta fi 200,000 da za ta zo yau ta ƙare jibi. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwanon hatsi, mai mota ya ɗauki kai mara lafiya gashi, matasan gida su ɗauki noman gonarsa gayya kamar yadda iyayenmu suke yi. A naɗa ma'aji ɗaya, a rubuta shiga da fita, a ajiye rasit. Na san za a ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ni kuwa abin da na gani yana raba zumunci shi ne rashin rubutun: wannan ya ce ya turo, wancan ya ce bai gani ba, matar gida ta zama abar zargi, daga nan kowa ya janye hannunsa ya sami hujja.

Irin wannan zama yana kuma ceton mutum guda da kusan kowane dangi yake da shi, wato ɗan'uwan da ke aikin albashi a sakatariya ko yake koyarwa a firamare. Da zarar abu ya faru, ido duka a kansa. "Yaya, maganin Baba ya ƙare." "Yaya, an ce a koma asibiti ranar Laraba." Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, shi ma yana da mata da 'ya'ya da haya. Kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, sai ya ci bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata, a riƙa yanke albashin tun kafin ya gan shi. Bayan wata shida gida biyu ne suka durƙushe maimakon ɗaya. Wanda Allah ya ɗaukaka a dangi ya yi fiye da kowa, wannan gaskiya ne. Amma ya faɗi iyakarsa tun farko, kuma kada a ɗauki hakan rowa.

Sai mu zo ga wadda take biyan kaso mafi girma ba tare da an rubuta mata ko kwabo ba. Mara lafiyar da ba ya iya juyawa, ana so a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba fatar baya da ta ɗuwawu ta ɓare, gyambo ya shiga, wani sabon kashe kuɗi ya taso. Wa ke wannan juyin? Wa ke ɗaga ƙaton namiji ta kai shi bayan gida, ta wanke shi, ta wanke zannuwa, ta ba shi abinci cokali-cokali tana jiran ya haɗiye? Uwargida ce, ko amarya, ko 'yarsa. Da can tana ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinkin hula, tana zubin adashinta, tana rufa wa kanta asiri. Yanzu kaskon ya yi ƙura, jarin an cinye shi a kemis. Mazan dangi su zo su tsaya a bakin ƙofa su ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada," su tafi. Amin, Allah ya ba ta lada. Amma a cikin kuɗin da aka tara a ware mata nata, a mayar mata da jarinta, a tsara wanda zai karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a mako ta yi barci, ta je gidansu, ta ga likita idan bayanta ya riƙe. Kuma 'ya'ya maza su sani, ɗaga mahaifi da yi masa wanka aikinsu ne kafin ya zama na kowa.

Yarinyar da ke aji biyu na sakandare, ita ce ake fara cewa ta ɗan zauna a gida ta taya Inna, zuwa jiki ya yi sauƙi. Zangon karatu ya wuce, wani ya wuce, sai a ɗora mata tallan da zai kawo kuɗin magani, daga nan sai maganar aure. Duk dangin da ya zauna rabon nauyi, ya sa karatun yaran gidan a layin farko na lissafi, a sami mutum ɗaya da zai ce wannan nawa ne.

Idan kuma matar ce ciwon ya kama, labarin yakan fi ɗaci. Sau nawa muka ji an ce a kai ta gidansu ta yi jinya, daga nan miji ya riƙa leƙowa da ledar lemo, a hankali ƙafa ta ɗauke? Tsohuwar da ta haife ta, wadda ita ma a duba ta ake, ita ce za ta koma ɗawainiya. Matar da ta yi shekara ashirin tana dafa maka, ciyar da ita da tufatar da ita ba su faɗi daga wuyanka don ta kwanta ba. Ko a gidan iyayenta take, hatsinta da maganinta daga wurinka ya kamata su fito.

Akwai ramin da kuɗin jinya suke zurarewa, kuma dole a faɗe shi. Duk inda aka ji mai shanyewar jiki, masu magani za su yi sallama. Ga mai mota da lasifika a bakin kasuwa, ga wanda aka ce a wani gari yake, yana tayar da gurgu a kwana bakwai, sai a kawo baƙin bunsuru da kuɗi kaza. Iyalin da suka gaji, suke neman ko da ƙyallin fata, za su biya. Ban raina tofi da addu'a ba, kuma malamin kirki ba ya yanka wa mai jinya farashi. Amma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a sha nasa, yana kiran bugu na biyu ne, kuma na biyu yakan fi na farko muni. Babu jiƙo ko allurar da ke tayar da hannun da ya shanye. Abin da ke dawo da shi, gwargwadon abin da Allah ya nufa, shi ne motsa shi kullum, domin ƙwaƙwalwa tana koyon sababbin hanyoyi idan ana maimaita mata aiki, kuma watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da aka fi samun ci gaba. Abin takaici, su ne watannin da aljihu yake bushewa. Saboda haka idan kuɗi suka yi kaɗan, abu biyu ba a taɓa su: ƙwayar hawan jini da gashi. Idan zuwa Dutse sau biyu a mako ya gagara, a roƙi mai gashin ya koya wa mutum biyu na gida yadda ake miƙe yatsu da gwiwar hannu, yadda ake zaunar da shi, yadda ake tsayar da shi ba tare da an fizgi kafaɗar da ta mutu ba. A yi a gida safe da yamma, a riƙa komawa asibiti lokaci-lokaci a duba. A kuma gaya wa likita gaskiyar aljihu, domin maganin hawan jini yana da masu sauƙin kuɗi da suke aiki sosai.

Shi ma mara lafiyar kada a mayar da shi kayan ɗaki. Mutumin da ya saba bayarwa, yau yana ji ana lissafin kuɗin kunzugunsa a tsakar gida, baƙin ciki kaɗai ya isa ya hana shi tashi. A yi shawara da shi, a nuna masa littafin, a sa kuɗin cefane a hannunsa mai lafiya shi ya miƙa. Da yawa suna komawa sana'a. Mai hannu ɗaya yana iya zaman shago, yana iya tsaron awo, yana iya karantar da yara a zaure. Ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida yana kawo kuɗin sabulu, yana kuma fito da shi cikin mutane.

To ina hukuma a duk wannan? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya, fiye da 70 daga aljihun mutane take fita kai tsaye. Wannan ne dalilin da ciwo ɗaya yake mayar da mai rufin asiri mabaraci. Dokoki kam akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. A nan Jigawa muna da hukumar JICHMA mai kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Amma inshora tun ana lafiya ake shigarta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na 'yan acaɓa, da na manoma, da na teloli, tun da kuna tara kuɗin mako-mako don biki da suna, ku aika wakilai ofishin hukumar su tambayo yadda za ku shiga a ƙungiyance, da abin da tsarin yake biya da abin da ba ya biya.

Jihar nan tana da abin da za ta gina a kai. Tun 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan masu bukata ta musamman naira 7,000 duk wata, gwamnatin Malam Umar Namadi kuma ta ɗaga shi zuwa 10,000. Kuɗin ba su da yawa a kasuwar yau, amma suna da sifar da nake ta nanatawa: duk wata suke zuwa. Roƙona shi ne a riƙa tuna magidancin da lalura ta same shi da rana tsaka yana da iyali goma, a buɗe masa ƙofar shiga. A kuma kai masu gashi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a horar da ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa bin irin waɗannan majinyata gida, domin mutumin Miga ko Buji ko Gwaram ba zai iya ɗaukar shata duk mako ba.

Masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, kuma aikin bai tsaya ba a hannun Mai Martaba Hamim Nuhu Sanusi. Gidan da jinya ta cinye yana da haƙƙi a zakka ta fuska fiye da ɗaya, tun da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci matalauta ta kuma ambaci waɗanda bashi ya danne. Ina kira ga kwamitocin gundumomi, da dagatai da limamai da suka san kowane gida, su riƙa neman irin waɗannan iyalai da kansu, domin mai rufin asirin jiya ba zai iya shiga layi yau ba. Attajirin da ke son sadaka mai gudana kuma, ga wata ƙofa: ya je kemis ɗin unguwa ya biya maganin hawan jinin mutum biyar na shekara guda, ko ya sayi kekunan guragu ya ajiye a masallaci a matsayin waƙafi, wanda ya warke ya dawo da shi a ba wani.

Saura magana ɗaya, kuma da kai nake, kai da nauyin gidan ya dawo wuyanka. Hawan jini yana bin dangi, kuma yawanci ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya ba da wata alama. Idan ya kayar da mahaifinka ko yayanka, to kai ma kana kan layi, ga rashin barci ga tunanin bashi. Ranar da za ka kai shi asibiti, miƙa naka hannun a gwada. Ka kai uwargida ita ma, da duk wanda ya haura shekara 30 a gidan. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ka ga likita, ka fara magani, kada ka daina don ka ji garau. A rage gishiri da dunƙulen miya a tukunyar gidan gaba ɗaya, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Awon ba ya cin minti biyar, kuma ana yin sa a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da kai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ƙarfafi masu jinyarsu.